Kada a jira yaro ya ce ba ya gani

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin idon yaro maganar ba ta zauna ba. Yaron da aka haifa da ido ɗaya mai gani tar, ɗayan kuma dishi-dishi, bai taɓa ganin duniya a wata siffa ba, saboda haka ba shi da abin da zai kwatanta har ya ce an samu matsala. Yana wasa, yana guje-guje, yana tsintar ƙaramin abu a ƙasa da idon nan mai lafiya, kowa yana yaba kaifin ganinsa. Iyaye kuwa sun saba sai ciwo ya yi magana suke neman asibiti. Zazzaɓi yana zuwa da zafin jiki, ciwon kunne da kuka cikin dare. Raunin gani ba ya sa kuka.

Ra'ayina shi ne a daina ɗora wa yaro da mahaifiyarsa nauyin gano wannan matsala. Gwajin idon yaro ya kamata ya zama abu mai ranar da aka yanke, kamar allurar riga-kafi: a kwanakin farko bayan haihuwa, a mako na shida zuwa na takwas, sau ɗaya tsakanin shekara uku da biyar, sannan duk shekara ɗaya ko biyu muddin yana makaranta. Sanin alamomi yana da amfani ƙwarai, ga su nan tafe. Sai dai duk wanda ya ce wa iyaye "ku lura da alamomi" ya yi shiru, rabin aiki ya yi, domin abin da ya fi yawan cinye ganin ido ɗaya a ƙuruciya sau da yawa ba shi da alamar da za a gani a tsakar gida.

Dalilin gaggawar yana cikin ƙwaƙwalwa. Ido hoto kawai yake ɗauka, ƙwaƙwalwa ce take gani, kuma koyon ganin take yi a shekarun farko. A farkon shekarun 1960 masana kimiyya biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya a watanninsu na farko. Da aka buɗe idon, lafiyarsa ƙalau a ido, amma kusan babu gani a cikinsa, saboda ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kamata ya yi masa aiki ya koma yi wa ɗayan. Da aka yi wa manyan kyanwoyi haka, ba abin da ya same su. Wannan aiki ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. Haka abin yake ga ɗan Adam. Idan ido ɗaya yana aika hoto mai hazo, ko ya karkace yana kallon wani wuri dabam, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi. Likitoci suna kiran wannan ambiliyofiya, ragwancin ido, kuma yana samun yara biyu zuwa uku a cikin ɗari. Yana jin magani sosai kafin shekara bakwai zuwa takwas. Bayan nan ana iya samun ɗan ci gaba, amma da wahala, kuma babba da ya tashi da shi babu gilashin da zai dawo masa da abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta koya ba.

A jariri ana lissafin lokaci da makonni. Sabon haihuwa ba ya gani da kyau sai abin da ke kusa, tazarar santimita 20 zuwa 30, kimanin nisan fuskar uwa lokacin shayarwa. Zuwa mako shida ko takwas ya kamata ya tsayar da ido a kan fuska, ya bi ta idan ta motsa, ya mayar da murmushi. Jaririn da ya kai wata uku bai tsayar da ido a kan kowa ba, ko idanunsa suna rawa gefe da gefe ba tsayawa, ko yana yawan danna ido da yatsa, a kai shi likitan ido, ba a ce a bar shi ya ƙara wayo ba.

Alamar da ta fi kowace tsoratarwa ita ce fari a tsakiyar baƙin ido, a 'yar kafar nan da haske ke shiga. Wani lokaci da yamma ake ganinsa idan haske ya ragu, wani lokaci a hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara: ido ɗaya ya fito ja, ɗayan fari ko ruwan ɗorawa. Gaskiya ne kusurwar ɗaukar hoto kaɗai tana iya jawo haka, amma wannan hukunci ne na wanda ya leƙa cikin idon, ba na mai riƙe da waya ba. Abu biyu ake tsoro. Na farko yanar ido da ake haihuwar yaro da ita. Mutane sun ɗauka yana ta tsofaffi ce, su tsofaffin kuwa za su iya jira, domin ƙwaƙwalwarsu ta riga ta iya gani. Jariri mai yana mai kauri a ido ɗaya ana son a yi masa aiki kafin ya wuce mako shida, idan a ido biyu ce kafin mako takwas zuwa goma. Na biyu kansar tantanin bayan ido, retinobilastoma, wadda take samun kusan yaro ɗaya a cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, yawanci kafin shekara biyar. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 95 cikin ɗari na yaran suna rayuwa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna a ƙasashe matalauta waɗanda suke kai shekara uku bayan gano cutar ba su kai kashi 60 ba. Cutar ɗaya ce, bambancin yana ga lokacin da aka iso da yaron.

Gwajin da ke kama waɗannan biyun ba ya cin minti ɗaya. A rage hasken ɗaki, ma'aikacin lafiya ya tsaya tazarar kamar rabin mita da 'yar fitilar duba ido, ya haska idanun biyu tare, ya duba ko jan haske yana dawowa daidai daga kowanne. A yara masu duhun fata hasken yakan fito ruwan lemo ko fari-fari maimakon ja jawur, shi ya sa abin lura shi ne ko idanun biyu sun yi kama da juna, kuma idan ana shakka a gwada da idon uwar. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya za ta iya koyon wannan a rana ɗaya. A ce har yanzu akwai wuraren haihuwa da ake auna nauyin jariri da kewayen kansa amma ba a leƙa idonsa, wannan sakaci ne na tsari, ba rashin kuɗi ba.

Akwai wata alamar da ake yabawa maimakon a tsorata: manyan idanu. Jaririn da baƙin idonsa ya fi na tsaransa faɗi, yana yawan hawaye ba kuka, yana runtse ido yana cusa fuska a jikin uwa idan ya ga haske, kuma gaban idon ya yi kamar an hura wa gilashi numfashi, ana zargin hawan jinin ido ne na haihuwa. Ruwan cikin idon ne ba ya fita yadda ya kamata, idon jariri kuma mai laushi ne, sai ya kumbura. Faɗin baƙin idon sabon haihuwa kusan milimita 10 ne, idan ya haura 12 kafin shekara ɗaya akwai abin dubawa. Maganinsa tiyata ce. A bambanta shi da toshewar hanyar hawaye, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba: hawaye da 'yar kwantsa, amma farin ido fari tas, yaro ba ya gudun haske, kuma tara cikin goma suna warkewa da kansu kafin shekara ɗaya. Ita kuwa ruwa mai kauri kamar mugunya tare da kumburin fatar ido a watan farko na haihuwa, a ranar ake zuwa asibiti, domin wasu ƙwayoyin cutar da jariri ke ɗauka a hanyar haihuwa suna iya huda gaban ido cikin 'yan kwanaki. Bakwaini ma nasa dabam ne. Wanda aka haifa kafin mako 32, ko nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, musamman idan an sa masa iskar oksijin, yana bukatar a duba tantanin bayan idonsa kusan wata ɗaya bayan haihuwa, ko da idon yana da kyau a waje. Iyaye su tambayi ranar wannan gwaji kafin a sallame su.

Sai karkacewar ido, wadda ake ce wa harara-garke. Nan ne aka fi yin kuskure, da kalmar "zai daidaita idan ya girma". A watanni uku zuwa huɗu na farko ido yakan ɗan zame ya dawo, wannan ba komai. Amma karkacewar da ba ta gushewa, a kowane wata, ko wadda take zuwa tana tafiya bayan wata huɗu zuwa shida, ba ta daidaita da kanta. Akwai yaran da faɗin karan hanci da naɗin fata a kusurwar ido ke sa su yi kamar masu karkacewa alhali lafiya lau suke. Ana iya rarrabewa a gida: a haska 'yar fitila daga tazarar hannu, yaro yana kallonta, a duba ɗigon hasken da ke ƙyalli a baƙin kowane ido. Idan ya sauka wuri ɗaya a duka biyun, da alama idanun a miƙe suke. Idan a ɗaya yana tsakiya, a ɗayan ya kauce gefe, akwai karkacewa. Wanda ya fara juya ido ciki yana ɗan shekara biyu zuwa uku, musamman idan yana kallon abu kusa, sau da yawa gilashi kawai yake bukata: idon nasa yana yin ƙoƙari fiye da kima don ya gani, ƙoƙarin ne ke jan idon ciki, da an sa gilashin sai ya miƙe. Wanda yake rufe ido ɗaya duk lokacin da ya fita rana, ko idonsa ke zamewa waje idan ya gaji, shi ma a duba shi. Haka yaron da kullum kansa a karkace yake idan yana kallo, ko yana ɗaga haɓa saboda fatar ido ɗaya ta sauko ta rufe masa hanya. Ba iyayi yake yi ba, wurin da gani ya fi masa daidai yake nema. Idan kuwa karkacewar ta zo farat ɗaya ga yaro babba, yana ganin abu bibbiyu, da ciwon kai da amai da safe, maganar ta wuce ido, ƙwaƙwalwa za a duba, kuma a ranar.

Wanda ba shi da alama fa? Shi ne yaron da idanunsa biyu a miƙe suke, farare tas, amma ɗaya yana bukatar gilashi mai ƙarfi ɗayan ba ya bukata. Babu wanda zai gane shi da kallo. Abin da iyaye za su iya yi shi ne su rufe masa ido ɗaya da tafin hannu cikin wasa, su nuna masa ƙaramin abu, sannan su canza. Yaron da bai damu ba idan an rufe na hagu, amma ya ture hannu ya fasa kuka idan an rufe na dama, yana faɗa maka da na dama kaɗai yake gani. Wannan gwajin gida ne, yana kama babbar matsala, ƙarama tana kuɓuce masa. Saboda ita ce nake cewa gwaji tsakanin shekara uku da biyar ya zama wajibi, kafin a rubuta sunan yaro a aji ɗaya.

Idan an gano ragwancin ido, maganin ba ɓoyayye ba ne. Ana fara da gilashi kaɗai har kusan wata huɗu, domin wasu yaran da shi kawai suke warkewa. Idan da saura, sai a liƙe ido mai lafiya don a tilasta wa ragon aiki: awa biyu a rana idan matsakaici ne, awa shida idan ya yi tsanani. A fata ake liƙa filastar, ba a kan gilashi ba, don yaro zai leƙa ta gefe. Wanda ya ƙi filasta ana iya ɗiga masa maganin atrofin a ido mai lafiya sau biyu a mako don ya dusashe ganinsa na kusa. Inda abin ke lalacewa shi ne tausayi: yaro ya yi kuka don an rufe idon da yake gani da shi, a cire masa, a ce gobe. Kuma ko bayan warkewa, kusan ɗaya cikin huɗu abin yakan dawo a shekarar farko, don haka ba a yanke zuwa asibiti da zarar an ga sauƙi.

A shekarun makaranta labarin ya koma na rashin ganin nesa, wanda yakan fara tsakanin shekara shida da sha biyu saboda ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima. Alamominsa kowa ya sani: ƙanƙance ido a kalli allo, matsowa gaban talabijin, kwafar rubutu daga littafin maƙwabci, rashin gane mutum sai ya matso. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yaron da yake ƙoƙari a aikin gida amma yake faɗuwa a abin da aka rubuta a allo. Kishiyarsa ya fi wuyar kamawa: yana karanta allo sarai, amma minti goma da buɗe littafi sai ciwon goshi, murza ido, tsallake layi, ya ture littafin. Irin wannan ne ake yi wa laƙabi da rago ko daƙiƙi. A gefe guda, ba duk yaron da karatu ya yi wa wuya ne ke da ciwon ido ba. Wanda yake gani garau amma haruffa da sautinsu suka ƙi haɗuwa a kansa, matsalar koyon karatu ce, gilashi ba zai yi masa komai ba, malami ƙwararre yake bukata. Haka wanda yake rikita ja da kore, yawanci namiji, gado ne, ba ya warkewa kuma ba ya ƙaruwa, amma ya kamata malami ya sani don kada a dake shi a kan zane.

Rashin ganin nesa yana ƙaruwa a duniya. A wasu biranen gabashin Asiya kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu kammala sakandare suna da shi, kuma wani hasashe da aka wallafa a 2016 ya ce zuwa 2050 zai kai rabin mutanen duniya. Abin da aka fi tabbatarwa yana jinkirta farawarsa shi ne zama a waje cikin hasken rana kamar awa biyu kullum. Taiwan ta sa wannan a tsarin makarantunta tun 2010, kuma adadin ya fara sauka. Makarantar da ta cinye lokacin hutun tara don ƙarin darasi, ta sani da idon yara take biya.

Abu biyu a taƙaice. Yaron da yake tuntuɓe ko ya ƙi motsi da magariba ta yi, dundumi ne, kuma a ƙananan yara ana fara zargin ƙarancin bitamin A, musamman bayan ƙyanda ko gudawa mai tsawo. Idan aka bari gaban idon yana bushewa ya narke ya bar hakiya. Shi ya sa inda ƙarancin ya yi yawa ake ba yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar ƙwayar bitamin A duk wata huɗu zuwa shida. Sai mai ƙaiƙayin ido na kullum, wanda farin idonsa ya koma ruwan ƙasa. Haɗarinsa yana ga maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya ba takardar likita: yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake maimaitawa, bayan watanni ya haifar da hawan jinin ido ko yana.

Masu adawa da gwajin bai-ɗaya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa likitocin ido ba su isa ba, gwajin yana tara yara lafiyayyu a layin asibiti, kuma sau da yawa yana ƙarewa ne a takardar da yaro ya cusa a jaka. Na yarda da na ƙarshen fiye da sauran. Amma matakin farko ba ya bukatar likita. Malami biyu a makaranta za su iya, da allon haruffa irin wanda likitan ido Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, ko mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori huɗu, ko mai hotuna don ƙanana. Ana auna tazarar da aka rubuta a jikin allon da igiya, mita shida ko uku, ba da taku ba. Haske ya sauka a kan allon, ba a fuskar yaro ba. Kowane ido shi kaɗai, ɗayan a rufe da kati ko filasta, domin ta tsakanin yatsu yaro yake leƙe, kuma danna ido da hannu yana dusashe shi na ɗan lokaci. Sauran yara su tsaya inda ba za su ji ba, in ba haka ba na ƙarshen layi ya haddace allon. A nuna layi cikakke, ba harafi ɗaya tilo ba, saboda ragon ido yana iya karanta harafi idan shi kaɗai ne, sai an jera su yake rikicewa. Ɗan shekara huɗu da ya kasa karanta layin da aka yi wa lambar 6/12 a allon, ɗan biyar zuwa sama da ya kasa 6/9, ko duk wanda idanunsa suka bambanta da layi biyu, shi ake turawa gaba. Yawancin waɗanda aka tura ma'aunin gilashi ne zai gama da su, kaɗan ne za su kai ga likitan tiyata.

Inda ya kamata hukumomi su sa ido shi ne abin da ke biyo baya. Ba a auna wa ƙaramin yaro gilashi yadda ake auna wa babba, domin tsokar cikin idonsa tana da ƙarfi, tana ɓoye ainihin lambar. Sai an ɗiga maganin da ke sassauta ta, irin su saikilofentolet, a jira minti 30 zuwa 40, sannan a auna. Yaron zai yi gani dishi-dishi da gudun haske har zuwa washegari, iyaye su san haka kada su firgita. Wanda ya zaunar da ɗan shekara biyar gaban na'ura ya rubuta lamba cikin minti biyu, ciniki ya yi. Sannan a gaya wa iyaye a fili cewa gilashi ba ya kashe ido. Lambar tana ƙaruwa ne don idon yana girma, da gilashi ko babu, kuma rage ƙarfinsa da gangan ba ya jinkirta komai. A zaɓi na roba mai wuyar fashewa, firam ɗin ya zauna a karan hanci yadda yaro zai kalli ta tsakiya maimakon ta sama, a bar yaron ya zaɓi launin da kansa don ya fi son sawa. Bayan wata uku wani ya shiga ajin ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga yara nawa ne cikin waɗanda aka ba gilashi suke sanye da shi, nawa ne nasu ya karye, kuma wa zai canza musu. Wannan adadin ne ya kamata shirin gwajin ido ya kawo a rahotonsa, ba yawan yaran da aka jera gaban allo ba.